Ranar da Farashar Abu Nawwaf Suka Mutu

Ranar Asabar da safe, tun rana ba ta yi zafi ba, aka tsinci Laouali kwance a bakin ƙofar baya ta wani mustauda, wato ɗakin ajiyar kaya, a unguwar Al-Sulay ta Riyadh. Ya yi amai har ya ɓata gaban rigarsa, numfashinsa na fita da ƙyar kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. A cikin ɗakin sanyin da yake kula da shi kuwa, farasha sittin da uku ne zube a ƙasa, babu mai ko motsa ƙafa.

Ga wanda bai sani ba, farasha malam-buɗe-littafi ne na dare, amma ba irin 'yan ƙananan nan masu damun fitila ba. Wani faɗinsa ya kai tafin hannu biyu, wani kore shar da dogayen jela har biyu. Mai su wani Balarabe ne, Abu Nawwaf, wanda Allah Ya ba dukiya Ya kuma hana shi abin yi. Daga ƙasashe masu kurmi ake aiko masa da su suna cikin ƙwanso, ya ajiye a ɗaki mai sanyi da laima har su ƙyanƙyashe. Daga nan sai ya kafa musu kyamara da wani gilashi kusa-kusa, har a ga kowane silin gashi na wuyansu, a ga ƙurar fiffikensu jere kamar ɓawon kifi. Ba sa ci, ba sa sha, wai ko baki ba su da shi. Mako guda suke yi a duniya, hoton kuma sai a kwana biyun farko, kafin fiffike ya fara yagewa.

Aikin Laouali shi ne samo musu abin sauka. Kada wani ya raina wannan aiki. Abu Nawwaf ba ya yarda a ɗora ƙwaron kurmi a kan zarben dabino ko sandar kanti, ya ce masu kallon hoto a duniya za su yi masa dariya. Reshe yake so wanda ya tsufa da kansa, mai ɓawo a tsattsage, mai 'yar karkata, wanda in an gani a hoto za a rantse a tsakiyar daji aka ɗauka. Laouali kuwa ɗan Damagaram ne da ya tashi yana yi wa uwarsa itace, yana da idon abin. Yakan shiga kwari a kudancin gari ya tsinto busassun rassan kurna da na ƙaya, ya goge su da ruwan shayi su yi duhu, ya manna musu gansakuka. Shekararsa huɗu ke nan a kai.

Kafin azahar labari ya cika Gubaira, unguwar da mutanenmu ke zaune. Matan da ke layin sayen burodi suka ce Laouali ne ya zuba guba don haushi, gubar ta juyo kansa. Waɗanda ba sa shiri da Sahadatou, mai yi wa Abu Nawwaf shara, suka ce ita ce, ai macen da ta fita daga gidan maza uku ba za ta rasa abin da ta sani ba. Zouera mai kitso kuma ta ce aljanu ne, don wa ya taɓa ganin halitta babu baki? Kowa da nasa, kuma Allah na tuba, kowa ya ji daɗin faɗa.

Abu Nawwaf bai tsaya kan aljanu ba. Ya ce ranar Litinin bayan la'asar zai miƙa Laouali ga shurɗa, wato 'yan sanda, in sun gama da shi a buga masa kuruj, fitar da babu dawowa.

* * *

Laouali yana da kawu a garin, wan uwarsa, Buraima. Dogon tsoho ne baƙi, ba ya son magana, gadi yake yi a wani ɗakin ajiye tayil, layi uku daga inda abin ya faru. Kafin ya zo Riyadh shekara talatin ya yi yana bin sawun ɓarayin raƙuma a wajajen Tanut. Shi ya nema wa Laouali biza, shi ya ce wa ƙanwarsa Delou ta kwantar da hankalinta, ɗanta yana hannunsa.

Ya tarar da Abu Nawwaf tsaye a ƙofar mustauda, ido ja wur. Suka yi magana da Larabcin kasuwa.

"Ka ba ni kwana biyun nan in duba," in ji Buraima.

"Me za ka duba? Kyamarar ƙofa ta nuna komai. Ranar Alhamis mai shara ta shiga ta fita. Direba ya shiga ya fita. Ɗanka ne na ƙarshe, shi ya kulle. Juma'a ko kyanwa ba ta zo ba. Yau da safe shi ya buɗe."

"Ƙofar baya fa?"

"Ba kyamara a can. Daga ciki ake sa mata sakata."

Abu Nawwaf ya ƙare wa tsohon kallo. Kakansa mutumin sahara ne, ya san darajar mai bin sawu, ko da mai gadin tayil ne. Ya matsa gefe.

An bar ƙofofin duka biyu a buɗe tun safe, an kashe na'urar sanyi. Buraima ya rufe hanci da rawaninsa, ya tuɓe takalmi, ya shiga. Abin tausayi ne. Ga rassan Laouali jere a kan teburi, kowanne an kafa shi a gindin ƙarfe, wani da fitila a bayansa, wani da koren ƙyalle, duk babu kowa a kai. Masu gidan suna ƙasa, fiffike a buɗe, ƙafafu a naɗe.

Shi ba su ya tsaya kallo ba. Ya durƙusa ya bi gindin bango da ido. Tururuwa ce jere a mace, kowace a inda take tafiya, wata da ɗan abinci a baki. Bayan firji ya ga tsaka ta bushe da baki buɗe. Ya leƙa saman kabad, gizo-gizo ma ya dunƙule a cikin saƙarsa. Ya ɗan sassauta rawani ya shinshina. Ƙamshin turaren wuta ne ya fara dukansa, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani ɗan wari da ya kasa kamawa.

* * *

Turaren ya kai shi unguwar Al-Shifa, gidan Abu Nawwaf. Sahadatou ta fito ƙofar kicin da tsumma a hannu, tun kafin ya gama sallama ta fara.

"Na sani, Malam Buraima, na sani. Sun aiko ka wurin mayya. Zouera ce ko? Ta zo ta faɗa a gabana mana, in ba ta koma da kitson nan nata a hannu ba."

"Ba wanda ya aiko ni. Kin yi turare ranar Alhamis?"

Ta murɗa tsumman da ke hannunta.

"Ɗan kaɗan. A ofis, ba a ɗakin ƙwarin ba. Wurin nan wari yake kamar ramin jemage, ni kuma ba na aiki cikin wari."

"Wannan ne karo na farko?"

"Na farko? Shekara biyu ina yi duk Alhamis. Kada ka gaya wa mai gida. Da turare na kisa, da tuni ya kashe mazana uku, ga su nan kuwa da ransu suna damun wasu."

Buraima ya gyaɗa kai. Hayaƙi zai iya sa farasha su haukace su yayyage fiffike a jikin raga. Waɗannan kuwa fiffikensu lafiya lau, faɗowa kawai suka yi. Kuma turare ba ya kashe tsaka.

"Da kika share ɗakin, me kika bari a ƙasa?"

"Ƙasa? Ko tsinke. Ka san aikina."

* * *

Lado direba yana wanke mota a bayan gidan. Bakano ne, gajere, mai tumbi, kuma tsakanin Bakano da Badamagare ba a gaisawa sai da tsiya.

"A'a, Baba Buraima! An bar raƙuma an koma bin sawun ƙwaro? Damagaram ta ci gaba."

"Da ba mu bi sawun kakanninka ba, da har yanzu suna ɓoye a rumbu. Buɗe mini bayan mota."

Dariyar ta ɗan ragu. A bayan motar akwai gwangwanin maganin feshi guda biyu, ɗaya ya kusa ƙarewa.

"Na kyankyaso ne, wallahi. Hajiya matar mai gida ce ta ga ɗaya a kujera ta kusa fasa mini kunne."

"An ce kun yi faɗa da Laouali."

"Faɗan me? Ya ɗora mini itace a kan kujera mai fata, na ce ba motar 'yan gawayi ba ce. Shi ke nan. In faɗa kake nema, ka tambayi na ranar Laraba. Yaron nan ya kwana biyu yana neman reshen da za a ɗora babbar nan mai jela. Ya kawo wani mai kyau, ni kaina na yaba. Mai gida ya sa ido a kyamara ya ce ga alamar zarto a gindi, ai kurmi ba kafinta. Ya ɗauki reshen ya jefe shi da shi a gabanmu. Ya ce in bai kawo na gaske ba kafin Asabar, ya nemi wani kafil, wani uban gidan da zai tsaya masa."

"Laouali ya ce me?"

"Me zai ce? Ya sunkuya ya ɗauka. Amma na ga idonsa, Baba. Ban ce komai ba fa, na dai ga idonsa."

Buraima ya girgiza gwangwanin. Feshi yana barin maiƙo a kan teburi da gilashi, shi kuwa ya shafa teburan, a bushe suke. Feshi kuma ba ya hawa saman kabad ya nemo gizo-gizo.

"To, ya kawo na gasken?"

"Buhu guda cur. Ranar Alhamis da yamma na biya Gubaira na ɗauko shi da shi. A saman benensu yake shanya su. Har ɗakin ƙwarin na taya shi kaiwa, muka jingine bayan ƙofa."

"Kun buɗe?"

"Ina! A ɗaure yake tam. Ya ce sai Asabar, laima ta ɗan shige su, ɓawon ya yi laushi."

Tsohon ya mayar da gwangwanin. Ya bi ɗakin nan taku-taku da safe. Babu buhu a bayan ƙofa.

* * *

Bayan magariba ya je asibiti. Likita ya ce iskar guba ce ya shaƙa, da ya ƙara minti goma a ciki da sai dai gawa. Laouali na kwance da roba a hanci, ya rame a wuni ɗaya.

"Sannu."

"Yauwa, Kawu."

"Ina buhun?"

Laouali ya juya fuska ga bango.

"Ban sani ba."

"Kai, dube ni. Ni na ɗauko ka daga gaban uwarka. Jibi za su sa maka ankwa. Ina buhun itacen?"

"Kawu, don Allah ka bari. Ka koma wurin aikinka."

Buraima ya daɗe a tsaye. Ya ga ɓarayi da yawa a rayuwarsa, ya san yadda suke musu, da rantsuwa da kumfar baki. Wannan ba haka yake yi ba, kuma hakan ya fi tayar masa da hankali.

* * *

Sawu da sassafe ake karanta shi, lokacin da rana ke kwance tana ba kowane ɗan rami inuwa. Lahadi da fitowar rana Buraima yana bayan mustauda. Bakin ƙofar an tattake shi, masu ɗaukar mara lafiya da 'yan kallo sun gama da shi. Bai ɓata lokaci a nan ba. Ya ja da baya taku ashirin ya fara zagaye wurin a hankali, kamar yadda ake yi in garke ya bi ta kan sawun ɓarawo.

Bai kai rabin zagaye ba ya yanke shi. Jan abu ne mai nauyi a kan ƙura, da ɓarɓashin ɓawon itace jefi-jefi. Gefensa sawun silifa, ƙafar hagu tana ɗan buɗewa waje. Tun Laouali na tatata Buraima ya san wannan ƙafar. A tafiya sawun yana da faɗi, mutum na sauri. A dawowa ya gajarce, yana tangaɗi, wuri biyu ga tafin hannu a ƙasa inda ya faɗi ya tashi.

Ya bi jan har bayan wasu tsofaffin tayoyi, can ƙarshen fili. Buhun na nan, an rufa masa kwali.

Ya tsaya ta inda iska ke fitowa. Bakin buhun a ɗaure yake, an naɗe wuyan sau biyu an lanƙwasa an sake ɗaurewa, yadda ake yi wa buhun hatsi don kada iska ta shiga. Mai ɗaukar itace ba ya irin wannan ɗauri, me zai tsare? Ya yanke igiyar da wuƙa, ya ja baya, ya jira. Warin ya iso shi, kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. Yanzu ya kama shi. Warin rumbun 'yan wake ne.

Ya zazzage rassan da sanda. Masu kyau ne ƙwarai, ba zarto ba wuƙa, duk karyar iska. A tsakiyarsu wani ɗan ƙulli ya faɗo, tsumman atamfa mai ruwan goro da zanen ganye. Ya buɗe da tsinin wuƙa. Toka ce fara-fara a ciki.

Duk wanda ya taɓa ajiye wake a ƙasarmu ya san wannan. Ƙwaya ce da ake kira bom. A ƙulle ta a tsumma, a cusa tsakiyar buhu, a ɗaure. In ta sha laima sai ta narke ta zama iska, ta kashe duk abin da ke numfashi. A busasshen rumbu a hankali take yi. A ɗakin da na'ura ke fesa laima dare da rana, ƙofa a rufe tun Alhamis, ba sai an faɗa ba.

Atamfar kuwa ankon bikin 'yar wata Azumi ce, mata sun fi ashirin da ita a Gubaira. Amma buhun a ɗaure ya sauko daga bene guda.

* * *

Balkissa matar Laouali ce. Umara ta zo yi shekara biyu da suka wuce, ta zauna, ba ikama, wato takardar zama, ba komai. Ƙosai take soyawa a cikin gida, ma'aikata na aikowa a saya. Cikinta wata bakwai. Ko asibiti ba ta iya zuwa duba mijinta ba, don ana tambayar takarda a ƙofa.

Ta shimfiɗa wa Buraima darduma a tsakar ɗaki, ta durƙusa da ƙyar ta gaishe shi. Bai amsa da tsawo ba. Idonsa na kan buhunan wake biyu da ke lungu, wuyansu a naɗe sau biyu, a lanƙwashe. Ya zaro ƙullin daga cikin leda ya ajiye a gabanta.

Ta dube shi. Hannunta ya tafi kan cikinta.

"A ina ka samo, Kawu?"

"Ke za ki gaya mini."

"Itacen ne," ta ce. "Da ya shanya su a sama, na ga gari na zuba daga jikinsu, ƙwaro na ci. Na ce in Balaraben ya ga ƙwaro zai sake jifansa. Ya dawo ranar Laraba ko abinci bai ci ba, Kawu. Ina da sauran ƙwayar bom guda ɗaya da aka kawo mini daga Maraɗi tare da wake. Na ce kafin Asabar sun mutu, in ya buɗe a waje ya kakkaɓe, shi ke nan."

"Kin gaya masa?"

"Ya hana ni taɓa kayan aikinsa. Na ce in ya ga sun yi tsab sai in faɗa, ya ji daɗi. Ni na ɗauka a waje ake ajiyewa. Ban san ɗakinsu zai kai ba. Wallahi ban sani ba."

Sai a lokacin kukan ya zo, marar sauti, kafaɗu kawai ke rawa. Buraima ya gane sauran. Yaron ya buɗe ƙofa, ya ji warin, ya san na gidansa ne. Maimakon ya gudu, sai ya shiga ya jawo buhun.

Ta share fuska da gefen mayafi, ta yunƙura.

"Gobe zan je in faɗa."

"Ki je ki ce me? Za su ce ina ikamarki. Za su ce ina kika samo abin da aka hana sayarwa. A gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, za ki haihu, a kan siminti, cikin mata ɗari."

"To a ɗaure shi a kan abin da na yi?"

"Zauna, ɗiyata. Ban ce ki yi komai ba. Ki ba ni buhunan can in fitar da su daga ɗakin da kike kwana. Gobe kuma ko ƙofa kada ki leƙa."

* * *

Litinin bayan la'asar aka taru a ofishin mustauda. Abu Nawwaf na kan kujera, waya a gabansa. Lado na tsaye yana wasa da makulli. Sahadatou ta zauna a bakin ƙofa ta haɗe rai. Laouali, wanda aka sallamo da safe, ya jingina da bango don ƙafarsa ba ta gama dawowa ba.

Buraima ya fara da turare, ya ce ba shi ba ne. Abu Nawwaf ya harari Sahadatou, ita kuma ta harari Buraima. Ya koma kan feshi, ya ce shi ma ba shi ba ne, Lado ya sauke numfashi har da "Allah Ya ja kwana, Damagaram." Daga nan ya ajiye ƙullin a kan teburi, ya faɗi yadda bom ke aiki, da buhun, da laima, da sawun da ya bi har bayan tayoyi.

"Ba da nufin kisa aka sa ba," ya ce. "Don ƙwaron itace aka sa. Haka muke yi wa wake a gida."

"Ni na sa," in ji Laouali.

Abu Nawwaf bai ko dube shi ba. Ya jawo gilashin da yake duba fiffike da shi, ya sunkuya kan tsumman. Mutumin da ke ganin alamar zarto a gindin reshe ba a rufe masa ido da sauƙi.

"Shekara huɗu kana hana kowa shiga ɗakin nan da turaren jiki," ya ce. "Kai ne za ka sa guba a buhu ka kai musu? A'a. Wannan zanen mace ne." Ya ɗago a hankali. "Kuma na san shi. Na sha ganinsa a kicin ɗin gidana."

Sahadatou ta miƙe tsaye.

"Ni? Ankon biki ne! Mu ashirin muka ɗinka!"

"Ashirin ɗin suna da hanyar shiga nan?"

Abu Nawwaf ya ɗauki waya. Sahadatou ta matso ta dubi ƙullin da kyau. Ta dubi ɗaurin, ta dubi Laouali, ta dubi Buraima. Ta san mai ajiye wake a cikin su ashirin ɗin, duk Gubaira ta sani. Bakinta ya buɗe. Matar nan da ba ta taɓa kwana da magana a ciki ba, sai ta rufe shi, ta koma ta zauna.

"Tsumma ne na tsinta a gida," in ji Laouali. "Ni na ƙulla. Ka jefe ni da reshe ranar Laraba, na ji tsoron ka ga ƙwaro. Na manta da laima."

"Yi mini shiru." Abu Nawwaf ya juya ga tsohon. "Ya Buraima. Kai mai bin sawu ne. Kakana ya ce irinku ba sa ƙarya a kan ƙasa, don ƙasa za ta karɓe su. Hannun wa ya ɗaure buhun nan?"

Buraima ya tuna Delou tsaye a tashar Damagaram tana cewa ga shi nan a hannunka. Laouali na kallonsa, ido cikin ido, karo na farko tun Asabar.

"Hannunsa ne."

"Ka rantse."

Lado ya daina wasa da makulli.

"Wallahi," in ji Buraima. "Hannun Laouali ne."

Abu Nawwaf ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ajiye wayar. Ko ya yarda, ko kuwa bai so hukuma ta zo tana tambayar yadda guba ta shiga wurinsa, Allah kaɗai Ya sani.

"Ba shurɗa," ya ce. "Kuskure ne, na ji. Amma ba zan sake ganin fuskarsa a ƙasar nan ba. Kuruj. Kwana goma."

* * *

Ranar tafiya Lado ne ya kai su filin jirgi, bai yi tsiya ko sau ɗaya ba. Balkissa ba ta bi su ba, akwai shingen bincike a hanya. A bakin ƙofar ɗaki suka yi sallama, Sahadatou na riƙe da ita ta baya.

Buraima na gaba, Laouali na baya da jaka ɗaya. Da suka wuce gadoji uku, tsohon ya gyara zama.

"Na tambayi malam," in ji Buraima, yana kallon titi. "Na ce wani ne ya aiko ni. Ya ce rantsuwar ƙarya da gangan ba ta da kaffara. Ba azumi, ba ciyarwa. Sai dai tuba, in an karɓa."

"Ka yafe mini, Kawu."

"Me zan gaya wa uwarka?"

"Ni zan gaya mata. Jibi ina gabanta."

A bakin ƙofar shiga Laouali ya sauke jakar, ya kama hannun tsohon da hannu biyu.

"In Balkissa ta sauka, kai za ka yanka rago. Ka yi masa huɗuba da kanka. In namiji ne, Buraima."

Tsohon ya fizge hannunsa.

"Kada ka sa wa yaro sunan wanda ya rantse a kan ƙarya."

"Na riga na gaya mata," in ji Laouali. Ya ɗauki jakarsa ya shiga layi.